Layi na Tara

Litinin, 4 ga wata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kuma tarin nan da ka koma da shi ya sake ka. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Gwaggo ta yi sauƙi, har ta koma kan kekenta na ɗinki. Ta ce in gaya maka ba ta haifi ɗa don ya je ƙasar wasu yana cin burodi a tsaye ba, ka riƙa zama kana cin abinci kamar mutum.

Yau sati uku da ƙarewar hutunka, wasiƙa ɗaya tak na samu. Ka ce waya tsada, ni kuwa daɗi na ji, don a littattafan da nake karantawa duk matar da ake ji da ita wasiƙa ake rubuto mata. Sai dai mazan cikin littafi shafi uku suke cikawa. Taka layi shida ce, biyu a ciki gaisuwar mahaifiyarka.

Malamar makaranta ta tambaye ni aikinka. Na ce kana ofishin gwamnatin yankinmu a birnin da Ƙungiyar Ƙasashe ke zama, inda ake yin dokar da ke hawa kan ƙasashe da yawa. Ta ce, "To shi ma yana yin dokar?" Na ce ƙwarai kuwa. In ƙarya na yi ka faɗa mini in je in gyara.

Shekaranjiya wasu mutum uku masu riguna ruwan ɗorawa suka hau madatsar da ke bayan gidanmu da abin awo mai ƙafa uku. Ina shanya a lokacin. Na gaishe su sau biyu, ba wanda ya amsa. Ɗayansu ya dubi daidai inda nake tsaye, irin duban da ake yi wa taga, ya rubuta wani abu, suka wuce.

Ƙanwarka kuma matarka,
Auta

*

Laraba, 13 ga wata

Auta,

Wa alaikumus salam. Tari ya tafi. Ki gaishe da Gwaggo, ki ce yanzu a zaune nake cin burodin.

Ki je ki gyara maganarki wurin Malama. Mijinki akawu ne. Ofishinmu ɗaki biyu ne a hawa na huɗu, saman wani shagon takalma: ɗaya na Wakili, mai magana da yawun yankinmu, ɗaya nawa ni da durowoyi. Ƙasashe ne ke jefa ƙuri'a a kan doka. Yankuna irin namu zauren shawara kawai muke da shi. Kowane yanki da kujerarsa, da allon sunansa, da minti uku na magana in an zo kansa. Yankin da aka ga kujerarsa ba kowa zama uku a jere, an ɗauke masa minti ukun har ƙarshen shekara. Zama biyu ana yafewa. Wakili kullum yana hanya, shi ya sa ni nake zuwa in zauna. Katina na zama ne, ba na magana ba. Aikin mijinki ke nan, 'yar kawu: ɗumama kujera.

Kowace kujera tana da abin sawa a kunne. Kana murɗa maɓalli, tafinta ya juya maka maganar zuwa harshen da ka zaɓa. Tafintocin suna cikin ƙananan ɗakuna na gilashi a saman zaure. Layi na tara an ware shi ne don harshenmu, amma ba a taɓa ɗaukar tafinta ba. Ɗakinsa a kulle yake, fitila a kashe. Ni nakan bar nawa a kan taran don in huta da surutu.

Auta, kwanakin nan ina jin ki a wurin aiki. Ina jin keken Gwaggo, ina jin ki kina buɗe shafi.

Abu ɗaya nake so: kada ku bar gidan nan ba kowa, ko na yini guda. Zan yi miki bayani in na tabbatar da wani abu.

Yayanki

*

Alhamis, 21 ga wata

Yaya,

Bayan gaisuwa. Kowa lafiya, sai ni da kasala ke damu da safe, ba wani abu ba ne.

Ashe ka iya. "Ina jin ki kina buɗe shafi." Na karanta layin nan ya fi sau goma, na sa wasiƙar cikin littafin da na fi so. Amma daga nan sai ka ɓata. Kada in bar gida ko na yini guda? Ina nake zuwa, in ba kasuwa da gidan Ungozoma aron littafi ba? In wani ya kai maka magana ka faɗi sunansa. Gwaggo ta ce kishi ka gado wurin mahaifinka, Allah ya jiƙansa, shi da har mai gyaran famfo sai ya tsaya a kansa.

Wasiƙarka ba kawo mini aka yi ba. Mai kai wasiƙu ya daina shigowa unguwarmu. Ina ganinsa yana zuwa bakin kwana a kan kekensa, ya rage gudu, ya duba, ya miƙe. Da ƙafata na je gidan waya. Na fi rabin awa gaban kanta, matar tana sallamar waɗanda suka zo bayana. Da na buga kantar da hannu sai ta firgita, ta ce ba ta ga shigowata ba. A kwandon wasiƙun da za a mayar ta samo taka.

Ba shi kaɗai ba ne. Mai kayan miya ya daina ratsowa. Motar haya ba ta tsayawa a bakin titinmu ko an ɗaga hannu. Ranar Talata kamfanin waya ya zo ya kwance dogon ƙarfensa na sabis ya loda a mota. Mai Rediyo, maƙwabcinmu mai gyaran rediyo, ya bi su yana tambaya har bakin kwalta, ya dawo yana haki, ya ce, "Ni fa ko matata ta fi su saurarona."

Masu rigunan nan sun dawo. Wannan karon har tsakar gidanmu, ba sallama. Suka kafa turke mai jan fenti tsakanin igiyar shanya da ƙofar Gwaggo. Gwaggo ta fito ta ce, "Ku 'ya'yan waye?" Ɗayansu ya ɗan karkata kai kamar ya ji motsi daga nesa, ya ci gaba da buga gudumarsa.

Akwai littafin da na taɓa karantawa, marubucin ya manta da wata baiwar Allah tun babi na uku, bai sake ambatonta ba. Na daɗe ina tunanin me take yi a sauran shafukan. Yanzu ina jin na sani. Shanya take yi.

Auta

*

Juma'a, 29 ga wata

Auta,

Ina gaishe ku. Lafiyata ƙalau, sai dai ba na iya cin abinci sosai.

Ba kishi ba ne, kuma ba kalaman littafi na rubuto miki ba. A layi na tara nake jin ku, da kunnena. Ranar da aka kafa turken nan na ji bugun guduma, na ji Gwaggo ta ce, "Ku 'ya'yan waye?" Kwana takwas kafin wasiƙarki ta iso. Na cire abin na dubi ɗakin gilashin. A kulle, ba kowa.

Ga abin da nake ɓoyewa. Akwai daftarin doka a gaban Ƙungiya kan kogunan da suka ratsa ƙasashe. Don a rage ambaliya a manyan birane, za a buɗe tsofaffin madatsu a bar ruwa ya bazu a wuraren da ba mutane. An aiko wa kowane yanki takarda da taswira, da tambaya: mutum nawa za a tarar a kowane wuri ranar da dokar za ta fara aiki, wata shida bayan ƙasashe sun jefa ƙuri'a? Taswirar tsohuwa ce, tun kafin kakanmu ya gina gidan farko a bayan madatsa. A kanta unguwarmu fadama ce.

Kin san yadda muke aiki? Tun ranar da na fara, Wakili ya koya mini: takardar Ƙungiya ta farko gaisuwa ce, ta biyu tuni ce, ta uku ita ce aiki. Ba ma aika komai gida sai ta uku ta zo, don ma'aikatarmu ba ta motsi in ba ta ga jan hatimi ba. Muna da durowa ta musamman, sunanta Jira. Shekara da shekaru haka ake yi, ba a taɓa samun matsala ba. Bana suka sauya tsari. Ba tuni. Wanda ya yi shiru kwana sittin, an ɗauka ya yarda da abin da ke kan taswira.

Ni na karɓi takardar, Auta. Ni na buga mata kwanan wata, na sa ta a Jira, na kulle, na taho hutu wurinki. Ban ko buɗe taswirar ba. A gaban unguwar da aka haife ni yanzu an rubuta: mazauna, babu.

Saura zama ɗaya a zauren shawara kafin ƙasashe su jefa ƙuri'a. Ki bi gida gida ki rubuto mini kowa, babba da yaro, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Ki gaya wa Gwaggo yadda kika ga za ta iya ɗauka.

Yayanki

*

Asabar, 7 ga sabon wata

Yaya,

Muna lafiya. Ka ci abinci, don Allah. Rashin cinka ba zai ɗaga turke ba.

Ga takardar nan a ciki. Gida goma sha ɗaya, mutum arba'in da ɗaya. Na ƙirga sau uku. Ƙaraminmu ɗan Direba ne mai shekara uku, babbarmu Gwaggo. Mai Rediyo ya sa hannu har sau biyu, wai ko ɗaya zai ɓace a hanya, na soke ɗaya.

Na yi fushi da kai kwana biyu, ba zan ɓoye ba. Na kwashe wasiƙunka daga cikin littafina na zuba su a kwandon zare. Jiya na mayar da su.

Da na gaya wa Gwaggo, sai da ta kai ƙarshen ɗinkin da ke hannunta ta yanke zare da haƙori. Sannan ta ce, "Tun yana yaro haka yake, in an aike shi sai an kira sau uku." Ta dangwala yatsanta, ta dube shi, ta ce, "Ki gaya masa a ɗakin nan na haife shi, a nan na yi wa ubansa jinya. Ruwa in ya zo zai same ni a kan keke. Ba inda za ni."

Ka san ta. Ba barazana take yi ba.

Unguwa ta yi wani irin shiru. Ko da rana tsaka in na yi magana a tsakar gida sai in ji muryata ba ta kai bango ba. Ciyawar fadama ta fara fitowa a gindin turken nan, irin doguwar nan da ba ta fita sai cikin ruwa, alhali ƙasar a bushe take. Na cire ta da safe, kafin la'asar ta dawo.

Auta

*

Lahadi, 15 ga wata

Auta,

Gaisuwa a gurguje, ku yafe ni.

Takardarki ta iso, na kai ta ofishin Ƙungiya da kaina. Sun ƙi karɓa. Ba sa karɓar komai daga hannun mutum. Sai ta bi ta ma'aikatar yanki, ta je ma'aikatar ƙasa, sannan ta zo musu da hatimi biyu. Kwana arba'in in an yi sauri. Zaman kuwa ranar Alhamis ne ta sama, 26 ga wata. Na yi wa Wakili waya, ya ce an riƙe shi a gida wurin taron bita, in dai tabbatar kujera ba ta zauna ba kowa ba.

Saura hanya ɗaya, kada ki yi mini dariya. Za a zo kan yankinmu wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Ki tara kowa a tsakar gidanmu kafin lokacin. Kowa ya faɗi ko shi wane ne da gidan da yake, da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Ba ni da izinin magana, amma ba inda aka rubuta cewa ba ni da izinin danna maɓalli.

Alhamis, sha ɗaya. Ki roƙe su ko da za su rasa aikin yini.

Yayanki

*

Asabar, 28 ga wata

Yaya,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Muna raye, muna lafiya.

Yau wasiƙarka ta zo hannuna. Yau, Asabar. Sau huɗu ina zuwa gidan waya ana ce mini babu, ashe tana ƙasan kwandon mayarwa. A tsaye na karanta ta a bakin titi.

Ba mu taru ba, Yaya. Ba wanda ya sani. Ranar Alhamis da sha ɗaya maza suna wurin aiki, yara suna makaranta, Ungozoma ta shiga gari. Ni ina zaune a bakin ƙofa da littafi, Gwaggo tana ɗinki. Abin da na iya tunawa kawai, kekenta ya tsaya na ɗan lokaci, kunnuwana suka toshe kamar na nutsa kai a ruwa. Sannan keken ya ci gaba.

Ina ta ganinka a zauren nan, ka danna maɓalli, duk manyan duniya sun juyo suna kallonka, ba abin da ke fitowa. Ka yafe mini. In sun kore ka ka taho gida, mu san yadda za mu yi da Gwaggo tare.

Auta

*

Juma'a, 27 ga wata

Auta,

Ina fata wannan ta same ku cikin farin ciki kamar yadda nake. Na ci abinci har faranti biyu.

Allah ya yi miki albarka. Ban san yadda kika shawo kansu duka ba.

Da shugabar zama ta kira yankinmu, wata dattijuwa ce mai tabarau da ƙararrawa a gabanta, sai na danna maɓalli, jar fitila ta kama. Ban ce uffan ba. Na cire abin kunnena na kara shi a bakin makirufo. Da farko ƙarar ruwa kawai. Wani a bayana ya fara dariya. Sai ga Mai Rediyo, kamar yana tsaye a tsakiyar zaure: "Ni ne mai gyaran rediyo, gida na biyu daga kwana, kuma ina nan." Daga nan kowa ya biyo, gida gida, yadda kika jera su a takarda. Malama, Direba da yaransa, Ungozoma. Tafintoci suka miƙe tsaye a ɗakunansu suna leƙen ɗaki na tara. Ba wanda ya juya maganar, ba wanda ya nemi a juya. Minti uku suka wuce, shugabar ba ta taɓa ƙararrawa ba. Na ga tana jan layi a takarda, ɗaya ɗaya, tana ƙirgawa.

Ke ce ta ƙarshe. Kika ce, "Ni ce matar akawu, gida mai shuɗiyar ƙofa." Sai jariri ya yi kuka dab da bakinki, ta ja masa nasa layin. Ta ɗago ta ce, "Arba'in da ɗaya." Daidai da takardarki.

Ta tambayi sakatare ko akwai inda doka ta yarda a kira wurin da ke magana kango. Ya duba, ya ce babu. An cire unguwarmu daga jerin, an rubuta adadin a gurbin da aka bari. Ba za a taɓa madatsarmu ba. Ni kuma an ba ni takardar gargaɗi, ita ce ta farko, kin san gaisuwa ce.

Tambaya biyu. Jaririn wa kika ɗauka? Kuma me ya sa Gwaggo ta ƙi magana? Na kasa kunne har ƙarshe ban ji ta ba, ko kekenta ban ji ba, karo na farko tun da na fara jin ku. In har yanzu fushi take yi da ni, ki ba ta haƙuri.

Yayanki

*

Laraba, 2 ga wata

Yaya,

Muna lafiya, dukanmu. Na ce dukanmu, ka riƙe wannan kafin ka ci gaba.

Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Yanzu ka riga ka karanta tawa, ka san ba wanda ya tsaya a tsakar gida ranar. Taka kuwa mai kai wasiƙu ne ya kawo ta har ƙofa, ya yi sallama, ya ce kwana biyu bai gan mu ba, ko tafiya muka yi. Mai kayan miya ya dawo. Jiya masu rigunan nan suka zo cire turke, babbansu ya gaishe da Gwaggo har da rusunawa, ya nemi ruwan sha. Unguwa sai murna ake yi, Mai Rediyo yana gaya wa kowa sa hannunsa ne ya yi aiki. Ban ce musu komai ba.

Ba jariri a unguwar nan, Yaya. Na gaya maka ƙaraminmu shekararsa uku. Kasalar da nake ce maka ba komai ba ce, ranar Litinin Ungozoma ta duba ni. Wata uku. Ta ƙirga a yatsunta, ta ce saura shida.

Na ɗauko wasiƙarka ta ranar 29 na sake karanta tambayar da ke kan takardarsu. Ba su ce mutum nawa ne yau ba, na ranar da dokar za ta fara aiki suka tambaya. Na zauna da jerin sunayen nan na ƙara ɗaya, ya zama arba'in da biyu. Shugabar kuwa arba'in da ɗaya ta ƙirga, kuma ka ce ka kasa kunne har ƙarshe.

Gwaggo ba fushi take yi ba. Lafiyarta ƙalau, gwiwar ma ta daina ciwo. Albishir ɗin kawai na yi mata, ban nuna mata wasiƙarka ba, ba kuma zan nuna ba. Tun ranar ta ajiye ɗinkin mutane ta kama na jariri. Ta gama na goyo, ta yi na rarrafe, yau da safe na tarar tana yanka wanda sai yaro ya fara tafiya zai sa. Na ce, "Gwaggo, saurin me kike yi? Ai da sauran lokaci." Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ke dai miƙo mini farin zaren nan."

A littafi, in na ji tsoron abin da ke gaba, nakan leƙa shafin ƙarshe. Wannan karon ba na so. Kada ka sake murɗawa zuwa tara. Ka sa shi a kowane layi, ko harshen da ba ka ji.

Ka ce zama biyu ana yafewa. Ka ɗauke su duka biyun, ka bar kujerar, ka taho. Ina rubutun nan ina jin kekenta ta taga. Ka zo ka ji shi a nan.

Auta